Shari'ar Malam Walter White

A shekara ta 2013 aka gama nuna wasan Breaking Bad a talabijin na Amurka, bayan kashi 62 da aka soma tun 2008, amma har yanzu masu kallonsa ba su gama yanke wa Walter White hukunci ba. Labarin ba shi da wuyar taƙaitawa. Walter malamin ilimin sinadarai ne a wata makarantar sakandare ta garin Albuquerque, a jihar New Mexico. Shekarunsa 50, matarsa na da ciki, ɗansa na fama da naƙasa tun haihuwa, albashinsa kuwa ba ya kai shi ƙarshen wata sai ya haɗa da aiki a wurin wankin motoci. Ana cikin haka likita ya shaida masa yana da ciwon daji a huhu, wanda ya wuce tiyata. Sai ya nemo wani tsohon ɗalibinsa mai suna Jesse Pinkman, suka shiga dafa metamfetamin, wata muguwar ƙwaya, wai don ya bar wa iyalinsa abin da za su ci bayan ransa. Wanda ya ƙago wasan, Vince Gilligan, ya sha faɗin cewa nufinsa shi ne ya ɗauko salihin malami ya mayar da shi uban ƴan ƙwaya a gaban idon mai kallo. Abin da ake gardama a kai shi ne ko salihin ne da gaske aka ɗauko, ko kuwa talauci ne ya daɗe yana rufa wa halinsa asiri.

Masu kare shi suna da hujja, kuma malamin makaranta ya fi kowa jin nauyinta. A kashi na farko an nuna Walter durƙushe yana goge tayar wata mota, ashe motar ɗalibinsa ce, yaron kuwa ya tsaya yana yi masa dariya har da ɗaukar hoto. Mutumin da a ƙuruciyarsa ya ba da gudummawa ga binciken da ya ci kyautar Nobel, ga inda rayuwa ta ajiye shi. Sukan ƙara da tsadar magani a Amurka, inda ciwo ɗaya kan cinye gidan mutum da ajiyarsa. A ganinsu larura ce ta tura shi, duk abin da ya biyo baya kuwa sarƙa ce: wanda ya shiga wannan kasuwa, in bai kashe ba a kashe shi.

Masu tuhumarsa ba sa yin nisa wajen neman amsa, kashi na biyar kawai suke nunawa. A can ne tsohon abokinsa Elliott Schwartz, wanda suka kafa kamfani tare kafin ya zama hamshaƙin attajiri, ya yi masa tayin aiki da biyan kuɗin magani gaba ɗaya, Walter ya ƙi. A wata fadar malamai a Maraɗi, inda aka kalli wasan a kwamfuta da fassarar Faransanci, wannan wuri ne ya raba wani tsohon darakta da wani matashin malamin kwantiragi. Matashin ya ce: "Haba Mushe, wane namiji ne zai karɓi sadaka daga hannun wanda ya ci arziki da basirarsa?" Daraktan ya ajiye kofin shayinsa ya ce: "Ƙanena, wa ya ƙwace masa? Da hannunsa ya sayar da kasonsa a kan dala 5,000. Sa'an nan wanda ke da mata mai ciki da ɗa naƙasasshe, idan har don su yake yi, ai girman kansa ne farkon abin da zai sayar." Matashin bai sallama ba, ya ce akwai mutuncin da ya fi rai tsada. Daraktan ya tambaye shi ran wa, tunda ba ran Walter kaɗai aka biya da shi ba.

Lissafi ma yana bayan daraktan. A farkon zango na biyu Walter ya ƙididdige abin da iyalinsa ke bukata, da kuɗin jami'ar yara da bashin gida da cefane, ya tashi a kan dala 737,000, dalar Amurka fa, ba ta kasuwar Damagaram mai tamma biyar ba. Ya samu wannan ya wuce, ciwon ya lafa, bai tsaya ba. A zango na biyar an ba shi dala miliyan 5 ya fita daga harkar, ya ƙi, yana tuna kason nan da ya sayar da arha. Daga baya sai a cikin ganguna ya binne kuɗinsa a hamada, wajen dala miliyan 80. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, shi kuwa nasa rawanin baƙar malafa ce da yake sawa in zai amsa sunan Heisenberg.

Gardamar da ta fi daɗin saurare ita ce ta ranar da ya lalace, domin kowane mai kallo yana da tasa rana, kuma ranar da ya zaɓa tana faɗin wani abu game da shi kansa. Akwai masu cewa tun kashi na uku ne, sa'ad da ya shaƙe wani dilan ƙwaya da ke ɗaure a ɗakin ƙasa, bayan ya zauna ya rubuta dalilan kisa da na bari a takarda kamar mai shirya darasi. Wasu suna yi masa uzuri a nan, tunda mutumin ya ɓoye tsinin fasasshen faranti yana jiransa. Mafi yawa sukan tsaya a kan Jane, budurwar Jesse. Walter ya same ta cikin maye tana shaƙewa da amanta, ya miƙa hannu zai juya ta, sai ya janye, ya tsaya yana kallo har ta cika. Bai taɓa ta da niyyar kisa ba, in ji masu kare shi. Amma mahaifinta, wanda aikinsa shi ne ba jiragen sama hanya, baƙin ciki ya ɗauke masa hankali a bakin aiki, jirage biyu suka yi karo, mutum 167 suka mutu. Akwai kuma waɗanda suka ci gaba da binsa har ya ba ƙaramin yaro guba don ya juya tunanin Jesse, har ya sa aka kashe fursunoni goma a gidajen kaso uku cikin minti biyu. A darasinsa na farko Walter ya gaya wa ɗalibai cewa ilimin sinadarai nazarin sauyawa ne. Masu cewa hali zanen dutse ne sukan amsa da cewa wuta ba ta fito da abin da babu shi a cikin tukunya.

Abin da bai kamata malami ya wuce shi da sauri ba shi ne Jesse. Yaron da Walter ya taɓa kayarwa a aji, har ƙarshe bai daina kiransa da sunan girmamawa irin na ɗalibi ga malaminsa ba. Walter ya koya masa sana'a da ƙwarewa, ya cece shi daga mutuwa fiye da sau ɗaya, kuma da wannan amana ce ya sa shi harbe mutumin da bai yi masa kome ba, daga bisani ya miƙa shi ga ƴan ta'addar da suka ɗaure shi da sarƙa yana dafa musu ƙwaya. Masu cewa Walter yana ƙaunar Jesse ba su yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya ƙara wa laifin muni.

Matarsa Skyler kuwa, wadda laifinta na farko shi ne tambayar mijinta inda yake kwana, ita masu kallo da yawa suka tsana. Tsanar ta kai ga Anna Gunn, wadda ta fito a matsayinta, ta rubuta sharhi a jaridar New York Times a watan Agusta na 2013 tana bayyana zagi da barazanar da ake yi mata ita kanta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun minti na farko an zaunar da mai kallo a kujerar Walter, ya sha wulaƙancinsa tare da shi, don haka duk wanda ya tare masa hanya sai ya zama abokin gaba, ko da mace ce mai neman tsare ƴaƴanta. Masu shan ƙwayar da ake dafawa ma ba a cika sa su cikin lissafi ba, ko da yake wasan ya nuna wani ƙaramin yaro cikin ƙazantar gidan iyayensa mashaya, da yunwa, yana kallon talabijin shi kaɗai. Wanda ya ga abin da tramol ya yi wa samari a unguwarsa ba ya mance wannan yaro.

A kashi na ƙarshe Walter ya tsaya gaban Skyler ya amsa da bakinsa cewa don kansa ya yi, ya ji daɗin abin, kuma ya iya shi. An zaci wannan zai rufe shari'ar. Kwanaki kaɗan bayan haka wasu masoyansa suka biya kuɗi aka buga sanarwar rasuwarsa a jaridar Albuquerque, kamar ta mutumin da ya rayu da gaske. A 2022 aka kafa gumakan tagulla na Walter da Jesse a babban zauren taro na garin, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto a gefensu, wasu ƴan siyasar jihar kuwa suna tambayar yadda garin da ƙwaya ta addaba zai karrama masu dafa ta.