Auburn, Garin Motocin da ke Lumshe Ido

Auburn ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin jihar Indiyana ta Amurka, tafiyar kamar rabin awa daga birnin Fort Wayne. Gonakin masara sun kewaye shi, kuma baƙo zai iya ratsa shi bai san ya wuce wani abin tarihi ba. Amma a nan ne aka tsara Cord 810, motar farko da aka sayar wa jama'a mai fitilun da ke ɓuya a jikinta da rana, su fito da dare.

Tsohuwar hedikwatar kamfanin, wadda aka kammala a 1930, ita ce aka mayar gidan tarihin motoci a 1974. Da na shiga babban zaurenta, na daɗe tsaye a gaban Cord ɗin. Gordon Buehrig ne ya zana ta, aka baje ta a kasuwar motoci ta New York a watan Nuwamban 1935. Fitilunta na kwance a saman tayoyin gaba, direba kuma da hannu yake murza wasu 'yan mariƙai biyu a gefen dashbod, ɗaya bayan ɗaya, kafin su buɗe. Kamfanin ya durƙushe a 1937, amma dabarar ta rayu.

Dokar Amurka ce ta ƙara mata kwana. Daga 1940 aka tilasta wa masu ƙera motoci amfani da fitila iri ɗaya, zagayayya mai faɗin inci 7. Duk mai son mota mai siririn hanci da ke keta iska, sai ya nemi inda zai ɓoye wannan babbar fitila. Haka aka yi ta tafiya har 2004, lokacin da aka daina ƙera Lotus Esprit da samfurin Corvette na ƙarshe mai irin waɗannan fitilu.

A farkon watan Satumba garin kan cika da masu tsofaffin motoci domin bikin shekara. A bayan wani gareji na tarar da wani dattijo yana saita fitilun Corvette ɗinsa da magariba, na roƙe shi in kalla. Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne murfin: akwai noti da ke tsayar da shi, domin idan ya rufe ya daidaita da bonet, idan ya buɗe kuma ya tsaya daidai inda ya tsaya jiya. Muddin hannun da ke ɗaga shi ya yi sako-sako, hasken zai riƙa rawa a kan hanya. Na biyu shi ne saitin hasken kansa. Ya ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ƙafa 25 daga bango, ya manna tef a bangon daidai tsayin tsakiyar kowace fitila. Sannan ya rufe ɗaya da ƙyalle, ya riƙa juya sukurori biyu na ɗayar, guda na sama da ƙasa, guda na hagu da dama, har hasken ya sauka kamar inci 2 ƙasa da alamar, ya ɗan karkata dama.

Wannan inci 2 shi ne abin da na fi ɗauka daga Auburn. An ware shi ne domin direban da ke tahowa daga gaba, kada haske ya kashe masa ido. Duk wanda ya taɓa tuƙin dare tsakanin Kano da Zariya ya san yadda fitila mai kallon sama ke makantar da mutum na 'yan daƙiƙoƙi, kuma a gudun kilomita 100 a awa, mota na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Muna kashe kuɗi wajen sayen ƙwan fitila mai tsananin haske, ba kasafai muke tambayar inda hasken yake sauka ba. Saitin nan ba ya buƙatar komai sai bango da tef da sukudireba da rabin awa. Rigakafi ya fi magani, kuma ran da za a tsirar na iya zama na mai fitilar ne.