Dogon Hancin Mota da Maganar Dattawa

Duk wanda ya saba bin hanyoyin Adamawa ta Kamaru, daga Ngaundare zuwa Tinyer, ko daga Tibati zuwa Banyo, ya san motar nan Land Cruiser mai baƙin bututu da yake fitowa daga gefen gaba, ya bi ginshiƙin gilashi ya hau har kusa da rufi. Mu dogon hanci muke ce masa, domin ta nan inji yake numfashi. An ɗaga shi sama ne saboda abubuwa biyu da suka fi kashe inji a ƙasa irin tamu, wato ƙura da rani, ruwa da damina. Babu mai jayayya da amfaninsa. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne hayaniyarsa, mu kuwa da muke hidimar dattawa mun san abin da take ci mana.

Motar dattijon jama'a zaure ce mai tafiya. In an taso zuwa sulhu tsakanin wasu 'yan uwanmu a ƙauye, ko ta'aziyya, ko neman aure, rabin aikin a hanya ake gama shi. Nan Maigida zai tambayi asalin rigimar, ya tuna wane ɗan wane ne, ya faɗi wanda za a fara gaisarwa da maganar da ba za a taɓo ba. Magatakarda yana baya da littafinsa yana kamawa. A hanyar da babu kwalta kuwa kujerar gaba ita ce ta girma, saboda baya jijjiga ce zalla, kuma a tamu motar bakin bututun yana daidai tagar wannan kujera, bai kai kamu biyu daga kunnen mai zama ba. Dattijo ba ya ɗaga murya, ba a kuma ce masa ya maimaita sau uku. Da gurnanin ya yi yawa sai ya yi shiru, ya ɗauki carbinsa. Shirun nan shi ya dame mu, domin sau da yawa mukan isa gari ba mu ji dukan abin da yake ransa ba, a zaman sulhu kuwa kalma ɗaya da ba a shirya ba takan mai da aikin wata guda baya.

Sai da muka zauna da masu gyara muka fahimci inda ƙarar take fitowa. Injin da yawancin waɗannan motoci suke ɗauke da shi a nan shi ne 1HZ, mai shan gas, silinda shida, lita 4.2, wanda kamfanin Toyota ya fara fitarwa a 1990. Duk juyi biyu yakan zuƙi iska kimanin cikinsa guda. In yana juyi 2,000 a minti, lissafi ya ba da lita 4,200, wato kusan duro ashirin na iska kowane minti, duk ta maƙogwaron da bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ba kuma a miƙe iskar take shiga ba. Kowace silinda takan fizgi rabonta ta rufe baki, in aka haɗa su shida sau uku a juyi guda, sau ɗari ke nan a daƙiƙa. Wannan fizga ita ce gurnanin. Motar da ba ta da dogon hanci ma tana yin sa, sai dai a ɓoye yake ƙarƙashin murfin inji. Bututu shi ya ɗauko shi ya kawo bakin taga, kamar yadda kakaki yake ɗaukar rawar leɓen mabushi ya kai ta ƙarshen gari. Wani daga cikinmu ya ce Maigida bai nemi sarautar da ake busa wa kakaki ba, ga shi ana busa masa daga Ngaundare har Konca.

Ƙarar ba iri ɗaya ba ce, wanda bai rarrabe ta ba kuwa kuɗinsa kawai zai zubar. A tsai da mota a taka totur: abin da ya tashi tare da takawar, na inji ne. A hau hanya mai kyau a yi gudu a ɗaga ƙafa: in fito ya rage yana ta tsiwa, iskar waje ce take yanka ragar bakin bututu. In kuwa sai an shiga hanya mai ƙunya-ƙunya ake jin kaf-kaf, to ƙarfen da ya riƙe bututun a jikin ginshiƙi ne ya saki.

Na ƙarshen nan ya fi sauƙi. Guntun robar cikin taya aka yanka aka sa tsakanin ƙarfen da jikin mota, aka ɗaure noti, aka wuce wurin. Fiton iska kuma juya kan bututun ake yi, bakin ya daina fuskantar gaba. Direbobi matasa ba sa son haka, wai iskar da gudu yake turawa tana ƙara wa inji ƙarfi. A irin tafiyar da hanyar Galim take bari a yi, ba mu ga wani ƙarfin da aka rasa ba, ga shi ruwan sama da ƙurar motar gaba sun rage faɗawa ciki kai tsaye. Akwai kuma kai mai siffar kwano a kife, wanda yake juya iska ya wurga ƙura gefe kafin ta isa filta. Da rani abu ne mai kyau, muddin ana zubar da abin da ya tara. Game da ƙara dai, sai an gwada, don a wata motar yakan lafa, a wata kuma ya sauko da sautin wajen taga.

Gurnanin inji shi ne mai wuyar sha'ani, a nan ne kuma ra'ayi ya rabu a zauren Maigida. Wasu suka ce a cire hancin gaba ɗaya a huta. Direbanmu, wanda ya daɗe yana bin daji, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, in aka cire shi, ni dai ba zan shiga mayo da kai a watan Agusta ba.” Gaskiya ya faɗa. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, injin gas irin wannan kuwa yakan matse abin da ya zuƙa fiye da ninki ashirin. Kofi guda na ruwa in ya shiga silinda ya isa ya lanƙwasa sandar fistin, a kwana a bakin rafi da tsoho a cikin mota. Ƙura ita a hankali take kisa, tana cin inji kamar gara. Maigida ya ce, “To, ɗana, a bar mata hancinta, amma a koya mata ladabi.”

Ladabin da aka koya mata ga shi. Bututun da muka tarar a motar na ƙarfe ne, aikin masu walda, mai faɗi da sheƙi. Ƙarfe yana amsa amo, roba mai kauri tana haɗiye shi, saboda haka aka koma na roba. Motoci da yawa kuma suna zuwa da wani ɗan akwatin roba maƙale a hanyar iska, rufaffe, ba ya kai ko'ina. Wasu masu gyara sukan ɗauka banza ne su jefar. Aikinsa irin na kwalbar da ake hura wa baki ne: iskar cikinsa tana rawa daidai da gurnanin, sai ta kashe kaifinsa. Wanda motarsa take da shi, kada ya yarda a cire. Bayan haka aka bi kowace mahaɗa aka matse, aka shafe da gam ɗin silikon, aka sake robar ƙofar gaba da ta bushe ta tsattsage, wadda ashe ta nan rabin hayaniyar take shigowa.

Maganar mahaɗa tana bukatar a tsaya a kanta, domin tsaki ko huci daga wajen murfin inji ba abin haushi ne kawai ba, alama ce cewa iska tana shiga ta inda ba a so, inda iska ta bi kuwa ƙura da ruwa za su bi. Masu gyara suna da gwaji mai sauƙi: inji yana tsaye yana aiki a hankali, a ɗora allon katako a rufe bakin bututun, ba da tafin hannu ba. In ya mutu nan take, hanyar a rufe take. In ya ci gaba da numfashi, akwai ɓaraka, kuma dogon hancin ado ne kawai. Hatta wanda ya zo da motar daga kamfani gaɓa-gaɓa ne, don ƙura aka fi yin sa, bai kamata a shiga ruwa mai zurfi da shi ba sai an bi gaɓoɓin an toshe.

Abu ɗaya muke roƙon 'yan uwa su guje masa, domin mun ga ana yi a tasha: cusa soso ko tsumma a bakin bututu. Ƙara takan ragu, amma shaƙe injin aka yi. Hayaƙi zai yi baƙi, gas zai ƙara tafiya, mota ta kasa hawan tudu, ranar da tsumman ya ruɓe kuma filta zai je ya liƙe.

Gurnanin bai ɓace ba, ba kuma zai ɓace ba, musamman a hawan dutse da kaya. Abin da muka samu shi ne a miƙaƙƙiyar hanya, in direba ya sa babban giya ya sassauta ƙafa, na baya yana jin na gaba ba tare da an ɗaga murya ba. Yanzu haka direban ya gane da kansa: da ya ga Maigida ya ajiye carbi ya gyara zama, sai ya ɗaga gilashin gefen, ya rage gudu, mu kuma mu buɗe littafi.