Daga Paraku zuwa Zugu: 'ya'yan baƙin da babu mai ƙirga su



Bayan sallar Asuba muka kama hanya daga Paraku zuwa Djougou, garin da tsofaffinmu ke kira Zugu, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai. Mahaifinmu, limamin unguwa, shi ya aike mu gaida wani amininsa da baƙi suka cika wa gida. Wannan ƙasa ta saba da baƙo, domin ta nan fatake ke bi daga Kano zuwa Salaga neman goro, kuma zangunanmu a kan saukar baƙi aka gina su. Sai dai baƙin yau ba su zo da jakuna da haja ba.

Tun bayan harin da aka kai Porga a Disambar 2021, da kisan mutanen Kaobagou a yankin Kérou a Mayun 2023, jama'a na barin ƙauyukan Atakora da Alibori, wasu kuma na tsallakowa daga Burkina Faso da Togo. Mafi yawansu gidajen mutane suke sauka. Manyanmu za su tuna sansanin Agamé da ke kusa da Lokossa a kudu, inda aka tsugunar da dubban 'yan Togo bayan rikicin zaɓen Afrilun 2005, har aka rufe shi a 2013. Zaman sansani ba daɗi gare shi ba, amma yana da abu guda: kowane yaro an rubuta sunansa, makaranta na cikin sansanin, idan bai zo aji ba akwai mai tambaya. A zango kuwa yaro yakan sami tabarma da tuwo da mutunci, amma sai ya shekara bai riƙe alli ba, ba wanda ya lura.

Abin da muka tarar ke nan a gidan da muka sauka. Maigidan ya ba baƙinsa ɗakuna biyu, bai karɓi ko dala ba, Allah Ya saka masa. Amma da hantsi, lokacin da 'ya'yan gida suka sa kaki suka tafi lakwal, 'ya'yan baƙi suna tsakar gida. Wani yaro da ya kai aji biyar a garinsu yanzu baro yake turawa a kasuwa. Muka ba shi takarda, ya karanta Faransanci tiryan-tiryan, ya miƙo mana ita yana kallon ƙasa. Mahaifiyarsa ta ce takardar haihuwarsa ta ƙone tare da ɗakinsu, kuma an gaya mata ba a ɗaukar yaro sai da ita. Ba ta taɓa zuwa ta tambaya ba. Mace baƙuwa da ba ta jin Dendi, balle Faransanci, ina za ta iya tsayawa gaban darakta?

Alhali an soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun 2006, kuma tun 2017 aka faɗaɗa shirin dafa wa ɗalibai abincin rana. Takardar haihuwa takan zama dole ne idan an zo rajistar jarrabawar CEP a aji shida, saboda haka a fara nemanta da wuri. Abin da matar nan ta rasa shi ne ɗan gari guda da zai sa riga ya raka ta.

Mu kanmu da allo muka fara, da asuba da dare muna gaban malam, da rana muna aji, ɗaya bai cinye ɗaya ba. Don haka ba mu da kunyar faɗa cewa ajiye yaro wurin malami ba tare da hatsi ko sisin kwabo ba, tura shi bara ne da wani suna. Malamin ma mai iyali ne.

Maganar da ta fi nauyi sai da daddare ta fito. Cikin baƙin akwai yarinya 'yar shekara 14, wani mai shago ya nemi aurenta, kawunta kuma ya ga baki ɗaya zai ragu a kan akushi. Ba mugu ba ne, yunwa ce ke magana. Dokar kare yara ta 2015 ta hana aurar da yarinya kafin shekara 18, kuma akwai lambar waya 138 da ake kira kyauta idan yaro na cikin haɗari. Amma kowa ya san a unguwanninmu ba 'yan sanda ake fara kira wurin ɗaurin aure ba, liman ake kira. Limamin unguwar ya saurari kawun har ya gama, sannan ya ce shi ba zai ɗaura ba, amma buhun masara daga zakkar masallaci zai iso gidan kafin Juma'a, da sharaɗin yarinyar ta koma aji. Kawun bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce a bar shi ya kwana da maganar.

Washegari muka juyo Paraku. Da muka sauka kusa da kasuwar Arzeke, sai muka tsinci kanmu muna duban 'yan tallan ruwa ɗaya bayan ɗaya, yaran da muka saba wucewa kullum. Muka ba Baba labari bayan Isha. Ya sa aka kawo littafi, ya ce ranar Juma'a kowane maigida mai baƙi ya faɗi sunayen yaran da ke gidansa da ajin da suka tsaya, ranar Litinin kuma mu ne za mu raka iyayensu wurin darakta.