Wa ya taɓa mini lamba?

Akwai wata 'yar jarabawa da masu rubuta manhaja ke yi wa harsunan kwamfuta. A rubuta ɗan fankshin da zai karɓi a da b, ya musanya su. Layi uku ne kacal, amma a nan ake gane halin kowa.

C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a 1972, kwafe kawai yake miƙawa. In kana so a taɓa na asalin, sai ka ba da adireshinsa da hannunka: swap(&a, &b). Ɗalibi ya manta da & ɗin nan a scanf, shiri ya kife, ya zauna yana zargin kwamfuta.

C++ ya ga abin ya yi muni a ido, sai ya kai & can inda aka rubuta fankshin ɗin. Kai swap(a, b) za ka rubuta, tsaf. Kyau kam akwai. Sai dai mai karanta layin bai san ko a zai dawo yadda ya tafi ba, sai ya buɗe wani fayil ya leƙa.

C# na Microsoft bai yarda da kowa ba. Mai bayarwa ya rubuta ref, mai karɓa ma ya rubuta ref. In kuwa out aka sa, dole fankshin ya zuba wani abu a ciki kafin ya dawo, ko shirin ya ƙi haɗuwa.

Java kuma tun 1995 ake musu a kansa. Gaskiyar ita ce kwafen kwatancen gida yake ba fankshin. Zai iya shiga ya sauya wa kujeru wuri, ka dawo ka tarar. Amma ko ya goge takardar hannunsa ya rubuta wani gidan, ta aljihunka tana nan. Shi ya sa musanyar ba ta ci a Java. Python ma haka yake, kuma ba sabon abu ba ne: harshen CLU na Barbara Liskov yana yin hakan tun shekarun 1970.

Tsoho Fortran shi ba ruwansa, adireshi yake miƙawa ko ba a roƙa ba. A wasu tsofaffin na'urori, in ka ba fankshin lamba 4 ya ƙara mata ɗaya, ta zauna ke nan. Duk inda ka rubuta 4 a gaba, 5 ake lissafa maka.