Furen Daliya da Zoben Alƙali: Abin da Na Gani a Lambunan Yokshaya

Ƙannena 'yan makaranta, da wani ya ce mini wata rana zan yi sammako don in duba ko ƙwaro ya ci mini fure, da dariya zan yi masa. Ni ɗan manomi ne daga yankin Funtuwa. A gidanmu abin da ake shukawa shi ne abin da zai shiga tukunya ko ya tafi kasuwa: masara, dawa, auduga da waken suya. Sai ga shi karatun jami'a ya kai ni Ingila, yankin Yokshaya da ke arewacin ƙasar, inda na tarar da dattawa masu furfura suna ɗawainiyar wata shida da shukar da ba za su ci ba, ba kuma za su sayar ba.

Ɗakin da nake haya yana wani ƙaramin gari kusa da birnin Lidis. Gidajen garin na dutse ne, manne da juna a jere, hayaƙin masaƙu na zamanin da ya mayar da bangonsu baƙi. A bayan layin dogo akwai wani fili da aka yayyanka ƙanana-ƙanana. Hukumar gari ce ke ba mutane haya duk shekara, cikakken yanki guda kimanin murabba'in mita 250, kuma a wurare da yawa sai mutum ya rubuta suna ya yi jiran shekaru kafin ya samu. Ta gefen filin nan nake bi in hau motar makaranta, kullum kuma sai na tsaya na leƙa ta shinge, don kunyoyin albasa da dankalin Turawa suna tuna mini gida.

Wata ranar Asabar cikin watan Maris, wani dattijo da ya saba ganina ya ɗago kai ya tambaye ni ko na iya riƙe shebur. Na ce da fartanya na girma. Ya buɗe mini ƙofa. Ya faɗa mini sunansa, ya ce in riƙa kiransa da shi kamar yadda suke yi. Bakina ya kasa, don ya haura shekara saba'in, ya girmi mahaifina. Na ce a wurinmu Baba ake ce wa irinsa. Ya yi dariya ya ce ya karɓa.

A cikin 'yar rumfarsa ta katako ya nuna mini akwatuna cike da wasu saiwoyi masu kumburi, kamar an ɗaure dankalin Hausa biyar ko shida a gindin kara guda. Na tambaye shi ko dafawa ake yi. Ya ce wannan daliya ce, don furenta ake shuka ta. Daga baya na gano tambayata ba ta wauta ba ce. Asalin daliya tsaunukan Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, kuma mutanen can sun daɗe da sanin cin saiwarta. A shekarar 1789 aka aika irinta daga Meziko zuwa lambun sarki da ke birnin Madrid na ƙasar Sifen. Antonio José Cavanilles shi ya raɗa mata suna don tunawa da wani masanin tsirrai ɗan Suwidin mai suna Anders Dahl. Meziko kuma ta ɗauke ta a matsayin furen ƙasa a 1963.

Masu karatun kimiyya za su so wannan. Daliya 'yar dangin furen nan ne mai bin rana wanda ake matse mai daga 'ya'yansa. Abin da ido ke gani kamar fure guda, taron ƙananan furanni ne da yawa a kai ɗaya. Mu 'yan Adam muna da jeri biyu na zaren gado a ƙwayoyin jikinmu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Daliyar lambu jeri takwas gare ta. Shi ya sa in an shuka 'ya'yanta ba a san abin da zai fito ba, shi ya sa kuma ire-irenta da aka yi wa rajista suka wuce dubu 50. Akwai ja, fari, rawaya, ruwan lemo, ruwan hoda, da mai duhu kamar zai yi baƙi. Shuɗi ne kawai har yau ba wanda ya samu. Wanda ke son ainihin irin da ya gani, dole ya shuka saiwa ko ya dasa reshe.

Darasin farko da Baba ya ba ni a kan ido ne. Dankalin Turawa yana da idanu ko'ina a jikinsa. Saiwar daliya kuwa idonta yana wuya ne kawai, inda ta haɗu da tsohon kara. In ka ɓalle ta ba tare da wannan wuyan ba, komai girmanta ba za ta tsiro ba. Muka jera su cikin faranti da ƙasa mai laima a ɗakin gilashi har suka yi toho. Sai ƙarshen watan Mayu muka fitar da su fili, don a ƙasar nan raɓa kan daskare da dare, kuma dare guda na irin wannan sanyi ya isa ya kashe shukar. Kowace muka kafa mata sanda kafin dasawa, saboda karanta rami gare shi a ciki, iska kaɗan sai ta karya shi.

A watan Yuni aka kira Baba asibiti za a yi masa aiki a gwiwa. Ni kuma ba ni da kuɗin jirgin zuwa gida hutu. Ya miƙo mini makullin rumfa da wata takarda da ya rubuta abin da zan yi mako-mako. Ya nuna mini layi guda na gindi shida, irin dunƙulalle mai ruwan lemo, ya ce wannan nawa ne, da shi zan shiga gasar furanni ta garin a farkon Satumba, a rukunin sababbin shiga. Sannan ya ce marigayiya matarsa ce ta fara kawo irin nan filin, shi kuma yake rabawa yana sake shukawa duk shekara. Daga ranar nan abin ya daina zama mini wasa.

Lokacin zafi a Yokshaya rana kan fito tun kafin ƙarfe biyar, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, don haka lokaci bai yi mini kaɗan ba. Abokan gaba biyu gare ni. Na farko dodon koɗi marar gida, mai fitowa da dare ya cinye sabon ganye ƙaf. Na biyu wani ƙwaro mai wutsiya kamar hantsaki, wanda ke huda furen. Dabarar kama shi ta burge ni: a cusa busasshiyar ciyawa a ƙaramin kaskon shuka, a kife shi a kan sanda. Da gari ya waye ƙwaron zai hau ya ɓuya a ciki, sai ka zo ka kakkaɓe.

Aikin da ya fi yi mini ciwo shi ne tsinkewa. Idan shukar ta yi ganye jeri uku ko huɗu, sai a tsinke kanta don ta yi rassa. Idan rassan suka fitar da ƙullin fure, yawanci uku suke zuwa a tare, sai a cire biyun gefe a bar na tsakiya, abinci ya tafi masa shi kaɗai. Hannuna ya yi ta rawa ranar farko. Sai na tuna yadda mahaifina ke bin ramukan gero bayan ya tsiro yana ragewa, ni kuma ina yaro ina ganin ɓarna yake yi. Ashe ilimin ɗaya ne, ƙasa ce ta bambanta.

A nan ne kuma na yi kuskurena. Takardar Baba ta ce in bar wa kowane gindi a layina rassa masu yawa, kada kuma in ƙara taki bayan wanda muka zuba. Ni kuwa na ga wani maƙwabci da fure kamar faifai, na ce ai babba shi ke cin gasa. Na rage rassan gindi huɗu zuwa uku-uku, na sayo takin ruwa ina zuba musu kowane mako. Gindi biyu na ƙarshen layi ne kawai na bari yadda aka ce, su ma don ƙyuya. Furannin gindi huɗun nan suka fito manya, na yi ta ɗaukar hoto ina aika wa ƙannena.

Ranar gasa na yanke furanni tun da asuba, lokacin da suke cike da ruwa, na tsoma su a bokiti. A zauren taron garin an jera tebura da farin ƙyalle: nan albasa, can kabeji, can kek da zuma, daliya kuma ta cinye bango guda. Kuɗin shiga 'yan sulalla ne, kyautar ma ba ta taka kara ta karya ba. Kati ake nema: ja na ɗaya, shuɗi na biyu. Na sa manyan furannina uku a kwalba guda a rukunin ƙananan dunƙulallu. Da na ga saura uku daga gindi biyun nan a bokiti, sai na sa su a rukunin sababbin shiga don kada su lalace a banza. Aka fitar da kowa, aka rufe ƙofa, alƙalai suka shiga.

Da aka buɗe da rana, Baba ya iso yana dogara sanda. Muka nufi manyan furannina. Babu jan kati, babu shuɗi. A kan takardar shigata an rubuta haruffa uku, NAS, ma'ana abin da ka kawo bai dace da ƙa'idar rukunin ba. Baba ya zaro wani zoben waya daga aljihu ya ɗora a kan furen, ya ƙi wucewa. Ya ce kowane rukuni yana da iyakar faɗi, na ƙananan nan milimita 115, kuma furen da ya fi ƙarfin zobe ba a ma duba kyansa. An rubuta wannan a ɗan littafin ƙa'idojin da aka ba ni tun watan Yuli, wanda na jefa a jaka ban buɗe ba. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya guda ya yi: rassa nawa na bari? Na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya.

Sai ya ja ni zuwa ɗaya teburin. A gaban furanni ukun da na raina akwai katin na uku. Ya bayyana mini abin da alƙali ke nema: ukun su zama girma ɗaya da launi ɗaya kamar 'yan uku, tsakiyar kowanne a rufe, bayansa a cike ba yaushi, kara a miƙe, ganye ba huda. Alƙali kan ɗaga kwalba ya juya ta ya duba baya, inda mai kallo ba ya gani.

Mako biyu bayan haka ɗansa ya kai mu babban bikin furanni na kaka na Harogit, wanda tun 2021 ake yi a harabar wani tsohon gida mai suna Newby Hall kusa da garin Rifon. A cikin manyan tantuna na ga daliya iri-iri: mai tsinin ganyen fure kamar ƙaya, mai kama da bado, 'yar mitsitsiya kamar ƙwallon tebur, da ƙatuwa da faɗinta ya wuce santimita 25. Na ga masu gasa sun kawo furanninsu ɗaure a jikin sanduna don kada su gogi juna a mota. An ce mini wasu har laima suke kafa wa fure a gona saboda ruwan sama. Ƙungiyar masu daliya ta ƙasar tun 1881 aka kafa ta, kuma ita ke tsara rukunoni da ma'aunin da ya kayar da ni. A wani tanti kuma ana gasar manyan kayan lambu, na ga albasa guda da ta fi kan jariri girma.

Farkon Nuwamba raɓa ta daskare. Na je da safe na tarar da lambun da ke cike da launi ya koma baƙi kamar an babbake. Muka sare kara, muka tone saiwoyin a hankali, muka kife su don ruwan cikin karan ya tsiyaye, sannan muka ajiye a akwati inda sanyi ba zai kai ba. Duka shidan sun rayu, kowane ya ninka. Baba ya ɗaura wa biyu takarda da sunana.

Daliya tana son sanyin tudu irin na ƙasarta ta asali, don haka wanda ke wuri kamar Jos ya fi mai zama Kano ko Sakkwato damar gwadawa. Amma ba sai da daliya ba. Duk makarantar da ke da ƙungiyar matasa manoma za ta iya shirya tata gasar da tumatir, albasa ko kuɓewa: kowa ya kawo uku masu kama da juna, malamin aikin gona ya yi alƙalanci. In kun yi, ku rubuta ƙa'idojin a takarda, ku kuma karanta su. Haka nan in an miƙo muku takardar jarrabawa, ku fara da umarnin da ke samanta kafin ku ɗauki biro. Ni na koyi wannan ne da haruffa uku, a gaban dattijon da ya ba ni amana.