Jita Garau a Libreville, Jita Mai Gurnani a Agadas

Wanda ya saba da jitar bikin Agadas, in ya ji makaɗan Libreville a gidajen rawa na unguwar Louis, abin da zai fara lura da shi shi ne tsabtar sautin. Ƙarar ta kai ƙara, kunne har ya gaji, amma kowace tsirkiya tana fita garau, ba dishewa, ba kaushi. A Agadas kuwa, har ma da Abalak da Cintabaraden, ana son jita ta yi gurnani, ta ja sauti ɗaya tana kuka da shi har sai mai kiɗa ya ga dama ya sake ta. Mutane sukan yi saurin yanke hukunci su ce bambancin na aljihu ne, wai Gabon ƙasar mai ta sayi kaya masu kyau, ƙasar sahara kuma ta yi maneji da abin da ta samu. Ni ban yarda da wannan ba. Abin da ya raba wuraren biyu shi ne aikin da kowane kiɗa ya ɗora wa jita, kuma hanya mafi sauƙi ta ganin haka ita ce a ajiye amfilifaya biyu masu kwalba kusa da juna, Fender Twin Reverb da Marshall JTM45, a duba abin da kowacce ke yi wa tsirkiya da kuma yatsan mai kaɗa ta.

Kwalbar da ake magana wani gilashi ne mai kama da ƙwan lantarki, irin wanda ke cikin manyan rediyoyin da, wanda sai ya ɗauki zafi kafin ya fara aiki. Shi ke karɓar ɗan ƙaramin motsin da tsirkiya ta haifar ya kumbura shi har ya iya girgiza lasifika. Kowace kwalba tana da iyaka. Kafin a kai iyakar, sauti yana fita kamar yadda ya shiga, sai dai ya fi ƙarfi. Da zarar an wuce ta, kwalbar takan datse kan sautin, ta haifo wasu ƙananan muryoyi a samansa, wannan shi ne gurnanin. Twin Reverb, wadda kamfanin Leo Fender ya fitar a Kalifoniya a 1963, an gina ta ne don ta yi nesa da wannan iyaka. Tana da wat 85, manyan kwalabe huɗu samfurin 6L6, lasifika biyu masu faɗin inci 12, a cikin akwati mai buɗaɗɗen baya da ya doshi kilo 30. Tana rage sautin tsakiya ta bar na ƙasa da na sama, ga kuma wasu siraran wayoyi masu lanƙwasa a cikinta da ke ba sauti amo kamar an kaɗa a babban zaure. Kafin ta fara dishewa, maƙwabta sun daɗe da fitowa.

JTM45 labarinta daban, ko da yake asalinsu gida ɗaya ne. Jim Marshall makaɗin ganga ne mai shagon kayan kiɗa a Hanwell, yammacin Landan. A 1962 shi da ma'aikatansa suka kwaikwayi tsarin wata amfilifayar Fender mai suna Bassman, domin shigo da ta Amurka na da tsada. Sai dai kayan da ke hannunsu a Ingila ba iri ɗaya ba ne da na Amurka. Kwalbar farko da suka sa ta fi ta Bassman kumbura sauti, lasifikokin Celestion ne a cikin rufaffen akwati, ƙarfin kuma bai wuce wat 30 da 'yan kai ba duk da lambar 45 da ke jikin sunan. Abin da ya fito shi ne na'ura mai kaurin murya a tsakiya, mai saurin isa iyakarta. Irinta Eric Clapton ya ƙure wa ƙara a faifan da ya yi da John Mayall a 1966, daga nan samarin Turai da Amurka suka ƙara neman da gangan abin da injiniyoyi ke ɗauka aibi ne. Kada wat 85 da wat 30 su ruɗi mai karatu: a kunne tazarar ƙarar ba ta da yawa, domin ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake kawowa. Tazarar ta gaske ita ce inda kowacce ke daina faɗin gaskiyar tsirkiya ta fara ƙara nata.

Akwai kuma abin da kunnen ɗan kallo ba ya kamawa sai hannun mai kiɗa. A JTM45, sashen da ke juya wutar gida zuwa irin wadda kwalabe ke ci shi ma kwalba ne. In aka doki tsirkiya da ƙarfi, wutar takan ɗan faɗi na ƙiftawar ido sannan ta dawo, sai farkon sautin ya lotsa, ƙarshensa ya kumburo ya daɗe. Mai kiɗa yakan ji kamar na'urar tana ba shi hanya, tana rufa masa asiri in yatsa ya ɗan kauce. A Twin Reverb wannan sashe ba kwalba ba ne, wutar ba ta faɗuwa, sauti yakan fito nan take da kaifinsa ya mutu da wuri. Ba ta yafiya. Wanda ya makara da ɗan taƙi, ko ya danne tsirkiya rabi da rabi, kowa a wurin zai ji.

To me ya sa kiɗan Libreville ya karkata ga halin Twin? Tun kafin Gabon ta samu 'yancin kai a 1960, kunnen birnin nan yana fuskantar kudu, wajen Brazzaville da Kinshasa. Rumbar Kwango ta African Jazz da O.K. Jazz, wadda Franco ya kafa da abokansa a 1956, ita ce makarantar da makaɗan Gabon suka yi. Hilarion Nguema da ƙungiyarsa Afro Succès, da Mackjoss da ya yi waƙa a Orchestre Massako ta sojoji, duk a wannan kogi suka sha, suna haɗawa da kiɗe-kiɗen ƙabilunsu. A shekarun 1980 har makaɗan Kinshasa kan zo Studio Mademba a Libreville ɗaukar sauti, rediyon Africa N°1 da aka buɗe a 1981 kuma ya kai wannan kiɗa har rumfunan shayi na Maraɗi da Damagaram. A tsarin rumba jita ba ɗaya ba ce. Akwai mai ja gaba a can saman wuya, akwai mai riƙe kari, akwai ta tsakiya da ke saƙa tsakaninsu, ga ta ƙasa mai kauri, kowacce tana cike gurbin da 'yar'uwarta ta bari. In aka shiga seben, wato sashen da ake barin waƙa a sakar wa masu rawa, gajerun sautuka ne ke bin juna da gudu, kuma daɗin yana cikin ɗan shirun da ke tsakaninsu. Na'urar da ke ja wa sauti wutsiya za ta cike wannan shiru, jita huɗu su zama kunu.

Akwai dalili na biyu da lissafi ke tabbatarwa. Franco ya shahara da tsinkar tsirkiya biyu lokaci guda, kuma masu bin sahunsa sun gaji wannan. In sauti biyu suka shiga kwalbar da ta wuce iyakarta, takan haifo na uku wanda yawan girgizarsa shi ne bambancin na biyun. A ɗauki tsirkiya mai girgiza sau 400 a daƙiƙa. In aka haɗa ta da mai 600, abin da zai fito 200 ne, rabin ta farko daidai, saboda haka ya zauna lafiya a ƙarƙashinsu har ya ƙara musu kauri. Amma irin haɗin da rumba ta fi so, a yadda ake saita jita, yakan zama kamar 400 da 504. Bambancin 104 ne, alhali 100 ne zai dace, sai a ji wani ɓoyayyen sauti yana faɗa da sauran. Wannan ne ya sa masu kiɗan rok suka rage haɗe-haɗensu zuwa mafi sauƙi, kuma shi ya sa ɗan rumba ke gudun gurnani.

Jitar Abzin, wato irin ta Agadas, ba ta da wannan matsala, domin daga wani gida ta fito. Tun zamanin Tinariwen da Abdallah Oumbadougou, har zuwa Group Inerane, Bombino da Mdou Moctar, jita mai ja gaba tana tafiya ne kamar molo ko tahardant: layi ɗaya, a kan ma'auni mai sauti biyar, da wata tsirkiya a sake tana amo a ƙasa ba ta canzawa. Hannun hagu yana yawan bugun tsirkiya da fizgarta ba tare da hannun dama ya taɓa ba, kuma irin waɗannan sautuka raunana ne, sai na'ura mai lotsawa ta ɗago su su yi daidai da sauran. Wutsiyar da ke ɓata seben ita ce a nan ke mayar da jita 'yar'uwar goge, ta ba ta dogon numfashi. Wanda ya saurari faifan Nomad na Bombino na 2013, ko Afrique Victime na Mdou Moctar na 2021, zai ji halin da JTM45 da zuriyarta suka yi suna da shi, ko da wace na'ura aka yi amfani da ita a ɗakin ɗaukar.

Mai ja-in-ja zai ce duk wannan zancen masu kuɗi ne, domin yawancin makaɗa a Libreville da Agadas ba su mallaki amfilifaya mai kwalba ba. Ta taransista suke haya, mai araha, mai jure wahala. Gaskiya ne, kuma akwai dalili. Kwalba tana ƙarewa, tana fashewa a kan hanya, ba ta son wutar janareta mai hawa da sauka. Libreville tana samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe, Agadas kuma ba ta samun 200 amma ƙura na shiga ko'ina. Sai dai a duba abin da kowa ya yi da na'urar arahar da ta zo hannunsa. Ɗan rumba ya nemi mai ƙarfin da ya fi buƙatarsa don kada ta dishe, shi ya sa Roland JC-120, wadda ta fito a 1975 ba kwalba ko ɗaya a cikinta, ta samu karɓuwa a wannan kiɗa: halin Twin ne da ita. Ɗan Agadas kuwa ya ƙure wa ƙarama ƙara a filin biki, ya ji abin da ta yi, ya so shi. Shaidar ita ce lokacin da ƙofar Turai da Amurka ta buɗe wa makaɗan Agadas, aka ajiye musu kowace irin na'ura, ba su koma ga sauti garau ba, ƙara gurnanin suka yi. In da talauci ne kaɗai, da wadata ta kawar da shi.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen ya ce ai kunnen Sahel ne kawai ke son kaushi tun fil azal, ga ƙarfe mai zobba da ake maƙalawa a kan wuyan kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos don ya yi ziza, mutanen kurmi kuma tsabta suke so. Rabin farko na maganar daidai ne, rabi na biyu kuwa bai tsaya ba. A Kinshasa ɗin da ta haifi seben, ƙungiyar Konono N°1 ta yi shekaru tana kaɗa likembe, wato abin kiɗa mai harsunan ƙarfe da ake tsinka da babban yatsa, ta cikin lasifikokin da aka harhaɗa da tarkace, da dishewar da ta fi ta kowane bikin Agadas, kuma faifansu Congotronics na 2004 ya zaga duniya saboda ita. Birni ɗaya, kunne ɗaya, kiɗa biyu. Ba yanki ke zaɓa ba, tsarin kiɗan ne. A Gabon ma, ngombi, garayar nan mai tsirkiya takwas ta bukukuwan Bwiti, tsinka-tsinka take fita ana saƙa sautuka cikin juna, kuma ba mamaki in wanda ya tashi da ita a kunne ya ji rumba ta zauna masa. Pierre Akendengué ya gina yawancin aikinsa a kan jitar katako da muryoyi masu hawa kan juna, Oliver N'Goma kuma ya yi waƙarsa Bane da santsin kiɗan zuk. Babu inda gurnani zai samu wurin zama a cikinsu.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan duk wannan kwatance ita ce ta zamani. Yau akwai 'yan akwatunan da ake takawa da ƙafa, akwai manhajar kwamfuta, da ke kwaikwayon kowace amfilifaya, har a sa Twin ta yi gurnani da taɓa maɓalli ɗaya. A wajen sauti na yarda sun kusa, kuma a cikin faifai da wuya a bambance. Amma hanyar ɗaya ce take tafiya: ana iya ƙazantar da sauti garau, ba a iya wanke wanda ya riga ya dishe, shi ya sa masu ba da hayar kaya a manyan bukukuwan kiɗa suka fi ajiye Twin. Inda kwaikwayon ya fi wahala shi ne lotsawar nan da ke amsa nauyin hannu, wadda ke sa mai JTM45 ya sassauta bugu sauti ya wanke, ya ƙara ƙarfi ya yi kaushi, ba tare da ya taɓa komai ba. Makaɗin Agadas da aka ajiye wa Twin a dandalin Libreville zai iya kammala wasansa da akwatin ƙafa, ko da yake zai ji na'urar ta yi masa tauri. Makaɗin seben da aka ajiye wa JTM45 a buɗaɗɗen fili, inda dole a ƙure ƙara don a ji shi a kan ganguna, ba shi da wata dabara sai ya rage ƙarar ya roƙi mai kula da sauti ya kafa makirufo a bakin lasifikar.