Titin Lekki zuwa Epe: Hanyar Da Take Ta Tura Mu Gabas



Da yawa daga cikinmu kullum a kan titin Lekki zuwa Epe muke wuni. Wasu suna gadi a Lekki Phase 1, wasu suna sayar da kayan gwari a Ajah, wasu suna tura kurar ruwa a Sangotedo, wasu kuma suna jan tanka zuwa Ibeju. Amma 'yan kaɗan ne suka san yadda titin ya samo asali. Sanin hakan yana da amfani, domin duk lokacin da aka taɓa titin nan, sai an taɓa wurin kwananmu da wurin neman abincinmu.

Titin na gwamnatin jihar Legas ne. Ya tashi daga ƙarshen Victoria Island, ya bi ta Lekki Phase 1, Ikate, Jakande, Agungi, Chevron, Ikota da VGC har Ajah. Daga nan ya wuce Abraham Adesanya, Sangotedo, Abijo, Awoyaya, Lakowe da Bogije zuwa mararrabar Eleko, sannan ya miƙe zuwa Epe. Ƙananan hukumomi uku ya ratsa: Eti-Osa, Ibeju-Lekki da Epe. Teku tana kudu da shi, tafkin Legas yana arewa, shi ya sa aka daɗe ana fama da rashin wata babbar mafita a kusa idan ya cushe. Wanda ya kai Epe zai iya fita ta Ijebu-Ode ya kama hanyar Ibadan ya nufi gida Arewa.

An fara shimfiɗa shi a farkon shekarun 1980, zamanin gwamna Alhaji Lateef Jakande, wanda ya mulki jihar daga 1979 zuwa 1983. A lokacin yankin fadama ne da kurmin kwakwa da ƙauyukan masunta. Dattawanmu da suka riga mu zuwa suna cewa a da idan ka wuce Maroko, to ka fita daga gari.

Maroko ce darasi na farko. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar baki ɗaya, aka ƙiyasta mutum kusan dubu 300 sun rasa matsuguni. An ba wasu gidaje a Ilasan da Ikota, mafi yawa kuwa suka watse. Yau manyan benaye ne a wurin. Tun daga nan abu ɗaya yake ta maimaituwa: titi ya gyaru, fili ya yi tsada, haya ta tashi, talaka ya ɗaure kayansa ya matsa gaba. Daga Maroko aka koma Jakande, daga Jakande zuwa Ajah, yanzu kuma 'yan uwanmu da yawa sai can Awoyaya da Lakowe suke samun ɗakin da za su iya biya.

A 2006 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da kamfanin Lekki Concession Company don ya faɗaɗa kimanin kilomita 49 na titin, ya mayar da kuɗinsa ta hanyar karɓar kuɗin wucewa. An fara karɓa a watan Disambar 2011 duk da zanga-zangar mazauna yankin, ƙaramar mota tana biyan naira 120. A 2013 gwamnati ta sanar da cewa za ta saye yarjejeniyar ta karɓi ragamar kamfanin. A wannan mashigar ce sojoji suka buɗe wuta ranar 20 ga Oktoban 2020 inda masu zanga-zangar EndSARS suka taru, lamarin da ake ta taƙaddama kan adadin waɗanda suka mutu a cikinsa. Daga nan aka dakatar da karɓar kuɗi a wurin.

Zamanin Akinwunmi Ambode an cire wasu shataletale aka sa fitilun ba da hannu, kuma a 2017 aka buɗe gadar sama ta Ajah. A ƙarshen 2020 gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar da sake gina ɓangaren Eleko zuwa Epe, aka yi shi da kankare mai layi shida. Dalili a bayyane yake. A watan Janairun 2023 aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki, a watan Mayu na shekarar kuma aka ƙaddamar da matatar man Ɗangote mai ƙarfin tace ganga dubu 650 a rana. Titin da aka yi wa ƙauyukan masunta yanzu shi ke ɗaukar tankoki da tireloli dare da rana.

Babu mai musun cewa mun ci moriyar wannan ci gaba. Gine-ginen da ake yi sun ba leburorinmu aiki, masu shayi da masu suya sun samu ciniki, direbobinmu sun samu lodi. Amma mun kuma ga ɗaya gefen. Dokar hanya ta 2012 ta hana 'yan acaɓa hawa manyan tituna, har da wannan, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa. Matasanmu da yawa sun rasa babur, wasu ma na bashi ne ba su gama biya ba. Mun kuma yi jana'izar 'yan uwa da mota ta buge wajen tsallaka titi.

Don haka ga abin da muke roƙo. Wanda ya kafa rumfa a gefen titi ko ƙarƙashin gada ya sani a filin gwamnati yake, kada ya tara jarinsa duka a wurin. Wanda zai sayi fili a Ibeju ko Epe ya tabbatar da takardunsa a ofishin filaye na jiha kafin ya ba omo-onile ko kwabo, kuma ya bincika ko filin yana cikin inda aka ware wa hanya. Mai haya ya karɓi rasit duk lokacin da ya biya. Kowa ya yi rajistar katin zama na LASRRA. Inda akwai gadar masu tafiya a ƙasa, a daure a hau ta, minti biyar bai kai rai ba. Ƙanin da zai taso daga gida da niyyar yin acaɓa a Lekki, a gaya masa gaskiyar halin da ake ciki tun kafin ya hau mota.

An riga an fara sabuwar hanyar bakin teku ta Legas zuwa Kalaba tun 2024, kuma ta nan yankin ta biyo. Ma'ana akwai sauran sauyi a gaba. Tun kafin a yi daram ake yin kwandi, gara mu shirya tun kafin katafila ta iso ƙofar gida.

Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a nemanmu.

Sakataren ƙungiya